Tawayen Ayalan na 1641: ƙasidun Landan ne suka kashe sulhu, ko masu sulhun da kansu?

Hadiza:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Kwana uku ke nan wani abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi gabanku. A karatunmu nan Dublin an ba mu aikin duba yadda aka buga labarin tawayen 1641 a Landan. Ga wanda bai san shi ba: daren 22 ga Oktoba 1641 wasu shugabannin Katolika na lardin Ulster, Phelim O'Neill na gabansu, suka kame sansanonin Charlemont da Dungannon. Shirinsu na kama fadar Dublin ya tonu, don wani Owen O'Connolly ya kai tsegumi. Tushen rigimar gona ce da addini: tun 1609 aka ƙwace filayensu aka raba wa baƙi Furotesta daga Ingila da Sikotlan. Cikin 'yan makonni abin ya fi ƙarfin shugabannin, talakawa suka far wa baƙin, aka kashe, aka kora, aka tuɓe wa mutane tufafi cikin hunturu.

Abin da nake gani shi ne, ƙasidun da aka yi ta bugawa a Landan daga ƙarshen 1641 su ne suka kashe duk wani sulhu tun kafin a zauna yin sa. Tsagaita wutar 1643, sulhun 1646, sulhun 1649, waɗanda aka ƙulla tsakanin sarkin Ingila da Katolikan Ayalan, duk a kan gawa aka gina su. Wanda ya karanta cewa an yanka 'yan'uwansa 154,000, ta yaya zai yarda sarkinsa ya zauna tabarma ɗaya da masu yankan? Ina neman a gyara mini idan na kauce.

Baba Malam Sani:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Kin ɗauko rabin gaskiya, kuma rabi mai nauyi. Amma kafin mu ɗora wa maɗaba'a laifi, a fara tabbatar da abu ɗaya: an yi kisan. Kada a wayi gari wani ya karanta mu ya ce duk ƙarya ce. A watan Nuwamba 1641 an kora mutane wajen 100 zuwa gadar Portadown aka tura su cikin kogin Bann, wanda ya yi ƙoƙarin fitowa aka harbe shi ko aka buge shi. Masana na yanzu suna ƙiyasta wajen 4,000 aka kashe da hannu, idan aka haɗa da waɗanda sanyi da yunwa suka kashe a hanya, adadin zai iya kaiwa 12,000. Wannan ba ƙaramin bala'i ba ne. Ƙarin gishirin a kan wannan aka yi shi.

Hadiza:
Haka ne Baba, ban musa ba. Na ma je Portadown da kaina watan jiya. Kogin yana nan yana tafiya a hankali, motoci suna wucewa ta kan gadar yanzu, mutane na sayayya a gefe. Na tsaya na daɗe ina kallon ruwan, jikina ya yi sanyi. Amma Baba, daga 12,000 zuwa 154,000 akwai tafiya. Adadin nan ya ma wuce yawan Furotestan da ke Ulster ɗin gaba ɗaya a lokacin.

Barista Nafi'u:
Ƙanwata, bari in shigo da idon sana'ata, don asalin wannan lamba yana da muhimmanci. Daga bakin wani limamin cocin Furotesta ta fito, Robert Maxwell, cikin shaidar da ya bayar a 1642 a gaban kwamitin da gwamnati ta kafa don karɓar shaidun baƙin da aka far wa. Shi bai ƙirga gawa ba. Cewa ya yi 'yan tawayen ne da kansu suka faɗi haka, wai limamansu sun tara lissafi. Wato an ce, wai an ce. A kotu alƙali ba zai bari ma a gama faɗin ta ba. Amma da ta shiga ɗab'i sai "wai" ɗin ta faɗi a hanya, lambar ta tsaya ita kaɗai.

Ki kuma duba adadin John Temple, wani jami'in gwamnati a Dublin, a littafinsa The Irish Rebellion na 1646. Ya ce sama da 300,000. Sai dai in kin karanta jimlar da kyau, ya haɗa wanda aka kashe, da wanda ya halaka ta wata hanya, da wanda aka kora daga gidansa, duk a buhu ɗaya. Mai karatu kuwa lambar kawai zai riƙe, da kalmar kisa. Ni a ganina Temple ya san abin da yake yi sarai.

Auwal Mai Ɗab'i:
Ranka ya daɗe Barista, ku ba ni dama ni ma, tunda shekara ashirin ina shaƙar tawada. Mutane ba sa gane saurin wannan aiki. Yawancin ƙasidun nan shafi takwas ne. Shafi takwas kuwa falle ɗaya ne babba, ka buga gaba da baya, ka ninke sau biyu, shi ke nan. Mutum biyu a kan injin hannu, ɗaya na shafa tawada ɗaya na jan hannun injin, suna iya fitar da wajen 250 a awa, fuska ɗaya. Wasiƙa ta iso daga jirgin ruwa da safe, gobe tana hannun yara masu talla a titi, a sayar da ita kwabo.

Sannan a watan Yuli 1641 aka rushe kotun Star Chamber, wadda da ita ake danne masu ɗab'i. Wata uku kacal kafin tawayen. To ga kasuwa a buɗe, ga ba mai tsawatarwa, ga labari mai tayar da tsikar jiki. Ni na sani, mai shago ba ya tambayar ko abin da aka kawo masa gaskiya ne, tambayarsa kwafi nawa kuma yaushe za a karɓa. Akwai wani mai sayar da littattafai a Landan, George Thomason, da ya riƙa tara duk abin da ya fito daga 1640 zuwa 1661, ya tara wajen 22,000. Suna ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya har yau. A kan da yawa ya rubuta ranar da ya samu da hannunsa. Wannan bawan Allah ya yi wa tarihi aiki.

Hajiya Binta:
Malam Auwal, to babu wanda ya ce kai, ku tsaya, wannan ƙarya ce? Ko duk garin sun haɗiye?

Hadiza:
Akwai, Hajiya. A 1642 an buga wata ƙasida a Landan ɗin wadda aikinta kawai ƙaryata sauran ƙasidun labarin Ayalan. Amma muryarta ba ta kai ko'ina ba. A shekarar ne kuma James Cranford ya fitar da The Teares of Ireland mai ɗauke da hotuna. Hajiya, na duba hotunan nan a kwamfuta na kasa cin abincin dare. Jarirai a tsinin mashi, mata masu ciki an farke su. Irin waɗannan siffofi an riga an saba ganin su a labaran yaƙin da ake yi a Jamus tun 1618, mai karatu a Landan ya riga ya san su, sai aka canza musu gari kawai. Wanda bai iya karatu ba ma ya gani ya fahimta.

Bulus:
Salama gare ku duka. Ni Katolika ne, kuma wani fada ɗan Ayalan ne ya koya mini karatu a makarantar mishan, don haka maganar nan ta taɓa ni. Abin da ke ci mini rai shi ne gefe ɗaya kawai aka rubuta. A Islandmagee, farkon 1642, sojoji da baƙin Sikotlan sun karkashe Katolika, har da mata da yara. Sojojin gwamnati a kewayen Dublin da Munster sun yi ta rataye mutane ba shari'a. Wa ya kafa kwamitin jin kukansu? Sai a 1662 wani da ya sa harufan R.S. a madadin suna ya buga jerin kashe-kashen da aka yi wa 'yan Ayalan. Shekara ashirin bayan an gama yanke hukunci.

Baba Malam Sani:
Malam Bulus, kukanka na kan hanya. Amma kada a ɗauka Katolikan ba su da baki sam. Bayan sun kafa gwamnatinsu ta haɗin gwiwa a Kilkenny a 1642, sun samu maɗaba'a a Waterford, wani Thomas Bourke ke bugawa, daga baya aka samu a Kilkenny ma. A watan Maris 1643 a garin Trim sun miƙa wa wakilan sarki takardar koke-kokensu, suka musa zancen kisan kiyashi. Takensu ma da Latin, ma'anarsa domin Allah, domin sarki, domin ƙasa. Ba su ɗauki kansu 'yan tawaye ba. Matsalar ita ce injinsu ɗaya ko biyu ne, Landan kuwa gari ne na maɗaba'u, kuma mai karatu a Ingila ba zai taɓa ganin takardar Waterford ba sai an kawo ta don a zage ta.

Yanzu in dawo kan inda na ce rabi kika ɗauko, Hadiza. Sauran rabin yana cikin ɗakin sulhun. Ki bi shi daki-daki.

Ranar 15 ga Satumba 1643 Ormond, wakilin Sarki Charles na ɗaya, ya sa hannu a tsagaita wuta ta shekara ɗaya da mutanen Kilkenny. Don me sarki ya so ta? Ba don tausayi ba. Yana yaƙi da majalisarsa a Ingila, yana son sojojinsa da ke Ayalan su dawo gida, yana kuma son Katolikan su ba shi nasu. Su kuma suna son 'yancin addini, da cocinan da suka ƙwato, da tabbacin gonakinsu. Ormond Furotesta ne na gaske, ba zai ba da cocinan ba. Sai sarki ya bi ta bayan gida, ya turo Glamorgan, Katolika ɗan Ingila, wanda a watan Agusta 1645 ya ƙulla yarjejeniyar sirri: a ba su abin da suke so a addini, su ba da soja 10,000. Wakili biyu, baki biyu, sarki ɗaya. Wannan ba maɗaba'a ce ta yi shi ba.

Hadiza:
Amma Baba, wa ya kashe yarjejeniyar Glamorgan ɗin? Ai ɗab'i ne! A watan Oktoba 1645 aka kashe babban bishop na Tuam, Malachy O'Queely, a wata arangama kusa da Sligo, aka samu kwafin yarjejeniyar cikin kayansa. Aka aika Landan, majalisa ta sa aka buga ta a farkon 1646. Nan take sarki ya ce bai san zancen ba, Glamorgan kuwa tun a watan Disamba 1645 aka kama shi a Dublin da zargin cin amana. Kafin wannan kuma, bayan yaƙin Naseby a watan Yuni 1645, inda sojan majalisa suka ci na sarki, an kama akwatin wasiƙun sarki aka buga su, kowa ya ga yana neman sojan Ayalan. Me ya sa wannan ya zama abin kunyar da sarki ba zai iya ɗauka ba? Saboda shekara huɗu ana cusa wa mutane cewa ɗan Ayalan mai yanka jarirai ne.

Baba Malam Sani:
Kin kama ni a nan, 'yata, na ba ki wannan. Amma ki lura: abin da aka buga a kan Glamorgan gaskiya ne, ba ƙage ba. Ƙarya ta share fili, gaskiya ta zo ta yi kisan. To laifin wa? Na wanda ya buga, ko na wanda ya yi alkawarin da ba zai iya faɗa a bainar jama'a ba?

Barista Nafi'u:
Baba, a ƙara da wannan. Tun watan Maris 1642 majalisar Ingila ta yi dokar da ta jinginar da eka miliyan biyu da rabi ta ƙasar Ayalan ga duk wanda ya ba da rancen kuɗin murƙushe tawayen. Ku tsaya ku yi tunani. Attajiran Landan sun zuba kuɗi, biyansu kuwa gonar ɗan tawaye ce. In aka yi sulhu aka yafe wa Katolika, gonar wa za a ba su? Dokar ma ta hana sarki yin afuwa ba da yardar majalisa ba. Kuma a daidai wannan wata ne Henry Jones, shugaban kwamitin karɓar shaidu, ya je Landan da bayanansa aka buga. Shi Temple ɗin ma an tsare shi a 1643 saboda adawa da tsagaita wuta, littafinsa kuma ya fito a shekarar da ake ƙulla sulhun Ormond. Ba littafin tarihi ba ne kawai, takardar ƙara ce a kan sulhun.

Hajiya Binta:
Innalillahi. Wato akwai waɗanda zaman lafiya asara ce a gare su.

Bulus:
Baba Malam, in za a yi adalci dole in faɗi namu laifin. Sulhun 1646 mu muka kashe shi da hannunmu. An sa hannu ranar 28 ga Maris, aka yi shelarsa a Dublin ƙarshen Yuli. Jakadan Fafaroma, Rinuccini, wanda ya iso a watan Oktoba 1645 da kuɗi da makamai, ya ce sulhun bai ba coci komai a rubuce ba. Ya tara limamai a Waterford a watan Agusta suka yi tir da shi, aka yi barazanar yanke duk mai goyon bayansa daga coci. A Limerick jifa aka yi wa mai shelar da magajin gari. Ga Owen Roe O'Neill, kwamandan sojan Katolikan Ulster, ya ci babbar nasara a Benburb ranar 5 ga Yuni, sojansa na bayan jakadan. A watan Satumba suka shiga Kilkenny aka kulle 'yan majalisar da suka yi sulhun. Babu ƙasidar Landan ko ɗaya a cikin wannan.

Amma ina fahimtar Rinuccini ta wani gefen. Ya ga yadda sarki ya yi watsi da Glamorgan cikin dare ɗaya. Wa zai ba da 'ya'yansa 10,000 a kan alkawarin baka na irin wannan mutum?

Auwal Mai Ɗab'i:
Kuma su kansu Katolikan ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ne, ko Baba?

Baba Malam Sani:
Ko kaɗan. Akwai tsoffin Ingilishi, jikokin waɗanda suka zo tun ƙarni na 12, Katolika ne amma gonakinsu na hannunsu, sulhu kowane iri ya ishe su. Richard Bellings, sakataren majalisarsu, daga cikinsu yake. Akwai kuma 'yan asalin Ulster da aka riga aka ƙwace wa ƙasa, sulhun Ormond bai mayar musu da ko taki ɗaya ba. Mai gona da marar gona ba za su karanta takarda ɗaya su ga abu ɗaya ba. Sakamakon haka Ormond ya miƙa Dublin ga majalisar Ingila a 1647. Da aka zo aka yi sulhu na biyu ranar 17 ga Janairu 1649, kwana 13 ya rage a sare kan sarkin.

Hadiza:
To Baba ga inda nake tsayawa da ƙafata. Na yarda sarki mai baki biyu ne, na yarda Kilkenny ta rabu. Amma ku dubi abin da takardun suka haifa a jikin mutane. Sojojin da Ormond ya tura Ingila bayan tsagaita wuta yawancinsu Furotesta ne 'yan Ingila, amma aka yi ta bugawa cewa mayankan Ayalan ne suka iso. A watan Oktoba 1644 majalisa ta yi doka cewa duk ɗan Ayalan da aka kama da makami a Ingila a kashe shi, ba fursuna. Bayan Naseby sojoji suka karkashe mata sama da 100 a sansanin sarki suna cewa 'yan Ayalan ne, masana da yawa kuwa suna ganin matan Wales ne, harshensu ne ba a gane ba. Da aka yi sulhun 1649, sabuwar gwamnatin Ingila ta sa marubuci John Milton ya buga sharuɗɗansa tare da sharhin suka. Sai Cromwell, kwamandan sojan majalisar Ingila, ya sauka Ayalan a watan Agusta, a Satumba ya kashe kusan 3,000 a Drogheda, ya rubuta wa majalisa cewa hukuncin Allah ne a kan waɗanda suka zubar da jinin bayin Allah. Drogheda fa ba ta taɓa faɗawa hannun 'yan tawayen 1641 ba, kewaye ta suka yi suka kasa. Kwamandanta, Arthur Aston, ɗan Ingila ne. Cromwell ba mutanen da ke gabansa yake gani ba, hotunan 1642 yake gani.

Barista Nafi'u:
Wannan ba ni da ja a kai. Kuma shaidun nan an yi aiki da su a kotunan 1652 da 1653. Phelim O'Neill a 1653 aka kashe shi. Shi ma ya yi wasa da takarda: a Newry, 4 ga Nuwamba 1641, ya fito da wata takarda ta jabu wai sarki ne ya ba shi izinin tashi. Ta jawo masa mabiya, ta kuma ba maƙiyan sarki makamin da suka fi so. Ƙarshen lissafi, Katolika da ke riƙe da kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar a 1641, kafin 1688 sun koma wajen kashi 22.

Hajiya Binta:
Hadiza, su waɗannan shaidun ana iya ganin su kuwa, ko sun ɓace?

Hadiza:
Suna nan, Hajiya, a Kwalejin Trinity ta Dublin tun 1741. Shaidu wajen 8,000, shafi 19,000 da ɗoriya, cikin kundi 31. A 2010 aka sa su a intanet kyauta, shugabar Ayalan ta lokacin Mary McAleese da Ian Paisley, jagoran Furotestan Ulster, suka tsaya wuri ɗaya wajen buɗe baje kolinsu. Abin da ya ba ni mamaki da na fara karantawa: yawancinsu ba labarin jini ba ne. Kwamitin limamai takwas da aka kafa a watan Disamba 1641 aikinsa na farko rubuta asarar dukiya ne, sai daga baya aka ƙara musu batun kisa. Sai ki ga mutum ya faɗi sunansa da ƙauyensu, sannan shanu kaza fam kaza, hatsi, dawaki, kayan ɗaki, bashin da yake bin wane. Sau da yawa wanda ya kwashe masa kayan ya san shi da suna, maƙwabcinsa ne, wani ma yana binsa bashi. A ƙasa sai ki ga wata 'yar alama a madadin sa hannu, don bai iya rubutu ba.

Akwai wata mata da ta rasa 'ya'ya biyar a gadar Portadown. Cikin shaidarta ta ce ta je bakin kogin da magariba ta ga siffar mace tsaye cikin ruwa zuwa ƙugu, gashi a warwatse, tana kiran a ɗauki fansa. Temple ya ɗauki irin wannan ya sa a littafi. Ni ban iya cewa matar nan ƙarya take ba. Uwa ce da hankalinta ya kasa ɗaukar abin da ya same ta. Wanda nake tuhuma shi ne wanda ya tsallake shaidu ɗari na shanu da bashi ya zaɓi nata don ya rufe ƙofar sulhu.

Bulus:
Kuma bai tsaya a zamaninsa ba. An yi ta sake buga littafin Temple duk lokacin da aka fara maganar sassauta wa Katolika, har 1812. Dokar 1662 ta sa kowace 23 ga Oktoba a yi wa'azin tunawa a cocinan gwamnati. Gadar Portadown har yanzu tana kan wasu tutocin 'yan ƙungiyar Orange ta Furotestan Ulster.

Baba Malam Sani:
Hadiza, ga shawarata a kan aikin naki. Kada ki rubuta cewa ƙasidu sun kashe sulhun 1646, don Malam Bulus ya nuna miki a Waterford da Kilkenny aka kashe shi, malaminki kuma zai kama ki a nan. Ki tsaya a kan Glamorgan da dokar 1644 da Drogheda, nan hujjarki ba ta da kishiya. Sannan ki ɗauki shaidar Maxwell ta asali ki ajiye ta gefen abin da aka buga, ki nuna layin da "wai" ta ɓace.

Hadiza:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Zan gyara sashen 1646 yau da dare. Amma zan bar tambaya ɗaya a ciki: da Ormond bai ji tsoron abin da za a buga a Landan ba, da zai rubuta maganar addini ɓaro-ɓaro a takardar sulhun? In da ya rubuta, Rinuccini ba shi da abin riƙewa.

Baba Malam Sani:
Ba na jin zai rubuta ko da babu maɗaba'a ko ɗaya a duniya. Ormond da zuciyarsa yake ƙin abin. Ki nemi wasiƙunsa na 1645 ki karanta, sai mu dawo kan wannan.

Auwal Mai Ɗab'i:
Ƙanwata, in kin samu hoton shafin farko na ɗaya daga cikin na Waterford ki turo mana. Ina son in ga irin harufan da Bourke ya yi aiki da su.